Abin da Ya Sa Hukumar Ruwa Ke Buɗe Famfon Kashe Gobara Alhali Babu Wuta

Wanda ya wuce ya tarar ma'aikatan hukumar ruwa sun buɗe famfon kashe gobara, ruwa na ta ambaliya a titi, ga shi babu hayaƙi babu motar 'yan kwana-kwana, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne almubazzaranci. Ruwan da aka tace, aka zuba wa magani, aka turo da inji daga nesa, ga shi yana bin kwata. Amma in ya ɗan dakata ya zuba ido, zai ga ruwan da ya fara fitowa ja ne wur kamar an dama jar ƙasa, wani lokacin ma baƙi-baƙi da ɓurɓushi a ciki. Bayan 'yan mintoci sai ya koma fatsi-fatsi, daga bisani ya washe garau. Wancan jan ruwa daga cikin bututun da ke kai wa gidajen unguwar ruwan sha ya fito, domin a yawancin garuruwa bututu ɗaya ne ke ba famfon ɗakin girki da famfon bakin titi ruwa.

Haɗa ayyukan nan biyu a bututu ɗaya shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Famfon gida in an buɗe shi sosai, abin da yake bayarwa bai cika wuce lita 10 zuwa 15 a minti ba. Motar kashe gobara kuwa in ta jona tiyonta, lita dubbai take nema a minti guda. A ƙa'idar ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wato NFPA, famfon da bai kai lita 1,900 a minti ba ajin ƙarshe ake sa shi. Saboda haka ba da abin da gidaje ke sha yau da gobe ake auna faɗin bututu ba, da ranar da wuta za ta tashi ake auna shi. A Amurka ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a ɗora famfon gobara a kan bututun da faɗinsa bai kai inci 6 ba, wato milimita 150. Gobara kuma tana iya shekara goma ba ta leƙo wannan layi ba. Duk tsawon lokacin nan, ƙaton bututu ne ɗauke da ɗan ruwa kaɗan yana jan ƙafa.

A ɗauki misali a lissafa. Bututu mai faɗin milimita 150, kowace mita ɗaya a cikinsa tana cin lita 17.7. Layi mai tsawon mita 300 ke nan yana riƙe da kusan lita 5,300. A ce lungu ne da ba ya ɓullewa, gidaje goma a jere, kowanne yana amfani da lita 500 a rana. Duka-duka lita 5,000 ke shiga layin a yini da kwana, wato a bakin lungun ruwan yana tafiyar milimita uku ne kacal a sakan. Tururuwa ta fi shi sauri. Da yake kuma kowane gida yana ɗibar nasa a hanya, gudun raguwa yake ta yi, har ta kai mita 30 ɗin ƙarshe kaɗai sai ruwa ya kwana ya yini kafin ya ƙetare su. Gidan ƙarshe yana shan ruwan da ya yi kwana uku a cikin lungun nan kawai, ban da kwanakin da ya yi a tanki da manyan bututai kafin ya iso. Wannan shi ne tsufan ruwa, kuma kusan duk abin da ke lalata ruwa bayan ya bar matata daga nan yake tasowa.

Abu na farko da ke tafiya shi ne kulorin, maganin da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. A matata, bayan an kashe ƙwayoyin cuta, da gangan ake barin ragowar maganin a cikin ruwa don ya yi masa gadi a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ragowar nan kada ta gaza miligiram 0.2 a lita a wurin da ruwa ya isa ga mai amfani da shi. Sai dai kulorin ba ya zama lafiya. Yana cin duk abin da ya ci karo da shi, ragowar ruɓaɓɓen ganye da ya narke a ruwa, ƙarfen bangon bututu, yauƙin da ya manne a jikinsa, kuma a cikin cin nan shi ma ƙarewa yake yi. Lokacin zafi ya fi saurin ƙarewa. Ruwan da ya baro matata da miligiram 1 ko 2 yana iya isa ƙarshen lungu babu ko ɗigo. Da zarar mai gadi ya kau, ƙwayoyin bakteriya da suka laɓe a bangon bututu cikin wani siririn yauƙi sai su samu sarari su hayayyafa. Yawancinsu ba sa cutarwa, wari da ɗanɗano kawai suke ɓatawa. Amma ba duka ba. A shekarar 2013 an gano wata ƙwayar cuta, nau'in amiba, mai suna Naegleria fowleri, wadda ke shiga ta hanci ta kai ga ƙwaƙwalwa, a cikin ruwan famfon gundumar St. Bernard da ke jihar Luwiziyana a Amurka, bayan mutuwar wani yaro. Matakin da jihar ta ɗauka shi ne ta ɗaga mafi ƙarancin ragowar kulorin zuwa miligiram 0.5 a kowane lungu na layukan ruwa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin kai wannan adadi a ƙarshen layi ita ce a fitar da tsohon ruwa sabo ya maye gurbinsa.

Wani zai ce to a ƙara maganin tun daga matata mana, a huta da zubar da ruwa. Da haka abin yake da an huta tuni. A 1974 wani masanin sinadarai a birnin Rotadam na ƙasar Holan, Johannes Rook, ya nuna cewa kulorin in ya haɗu da narkakkun ragowar tsirrai yana haifar da wasu sinadarai, irin su kulorofom, waɗanda shan su shekara da shekaru ba alheri ba ne ga jiki. Yawansu ƙaruwa yake yi gwargwadon yawan kulorin da kuma daɗewar ruwa a bututu. Amurka ta sa musu iyaka, kada jimillarsu ta wuce maikurogiram 80 a lita, wato miligiram 0.08. Ke nan mai ƙara magani don ya kai ƙarshen lungu yana toshe wata ɓaraka ne yana buɗe wata. Wasu garuruwan sun koma haɗa kulorin da amoniya don maganin ya fi daɗewa, amma shi ma da nasa ciwon: in ruwa ya tsufa, wasu bakteriya suna cin amoniyar su mai da ita naitirait, wanda ke ƙara cinye maganin. Shi ya sa irin waɗannan garuruwa sukan koma tsurar kulorin na 'yan makonni a shekara, su bi famfunan gobara suna buɗewa don su jawo shi ko'ina. A makonnin nan ne mutane ke ƙorafin warin magani ya yi yawa.

Sai maganar laka, wadda ita ce ido ke gani. Babu matatar da ke fitar da ruwa wanda babu komai a cikinsa. Ƙarfe da manganis sukan kasance a narke, ba sa ganuwa, sai kulorin ya taɓa su a hanya su zama ƙananan ɓurɓushi, ƙarfe ja, manganis baƙi. A ma'aunin Amurka ana so ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a lita, manganis kuma 0.05, saboda launi da tabon da suke bari. Amma ko matatar da ta fi wannan tsafta nesa ba kusa ba tana tara kaya. A ce tana fitar da lita miliyan 10 a rana, manganis ɗinta miligiram 0.02 kacal a lita. Giram 200 ke nan kullum, kilo 73 a shekara, ana turawa cikin bututai, kuma duk inda gudu ya mutu nan wani kaso yake kwanciya. Ga yashin da ke shiga duk lokacin da bututu ya fashe aka gyara. Ga kuma tsatsar bututun kansa. Tsoffin bututan zubin ƙarfe waɗanda ba a shafe cikinsu da siminti ba, abin da aka fara yi a shekarun 1920, suna tsiro da ƙulle-ƙullen tsatsa a ciki, sama-samansu taushi, ƙasansu tauri kamar dutse.

Wannan tarin kaya yana nan kwance muddin ruwa na tafiya a hankali. Ranar da gudu ya ƙaru ba zato, ko bututu ya fashe a wani wuri, ko aka kunna babban inji, ko gobara ta tashi, sai duk ya taso lokaci guda ya shiga gidajen mutane da tsakar rana. Ruwa ba ya tsami banza. Unguwar da ta wayi gari da jan ruwa, a bincika, wani abu ya motsa gudu a kusa. Abin da hukuma ke yi da buɗe famfo shi ne ta zaɓi ranar da kanta, ta sanar, ta tayar da lakar da gangan, ta kuma nuna mata ƙofar fita.

Hanyar da aka fi sani ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce mafi rauni. Ma'aikata su shiga unguwa su buɗe famfo, su bar shi har ruwa ya washe, su rufe su wuce na gaba. Wannan yana sabunta ruwa, kulorin ya dawo, kuma in mutum ɗaya ne ya kawo ƙara ko ƙarshen lungu ne ake son farfaɗowa, ya wadatar. Amma ba ya goge bututu. Dalili kuwa, yawancin layuka a haɗe suke da juna kamar raga. Famfon da ke fitar da lita 1,600 a minti a tsakiyar raga, rabi daga dama yake zuwa rabi daga hagu, kowane ɓangare gudunsa rabin abin da ake bukata. Abin da ya fi wannan muni, babu wanda ya san ta ina ruwan ya biyo. Sau da yawa sai a jawo laka daga layin da ba a taɓa ba a shigo da ita layin da aka gama wankewa, a tayar da ƙura a bar ta a rataye.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a tilasta wa ruwa bin hanya ɗaya tak. Aikin a ofis yake farawa, a kan taswirar bututai. Ana farawa daga inda aka tabbata ruwa mai tsabta ne, wato matata, ko tanki, ko babban bututu, a riƙa yin gaba gaɓa-gaɓa, daga manyan bututai zuwa ƙanana, yadda duk gaɓar da za a wanke ruwan da zai shige ta daga wadda aka riga aka wanke zai fito. Kowace gaɓa 'yan ɗaruruwan mitoci ce. A fili kuma, ma'aikata su rufe bawul-bawul ɗin da ke haɗa gaɓar da layukan gefe, a bar mashiga ɗaya, sannan a buɗe famfon da ke can ƙarshe. Gudun da ake nema kamar mita 1.5 ne a sakan. Mita 0.9 a sakan, wanda ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta Amurka, AWWA, ta ƙayyade don kurkure sabon bututu, yana kwashe sako-sakon laka. Amma ɓamɓare yauƙi da taushin tsatsa sai an ƙara wuta. In aka kwatanta da milimita ukun nan na lungun misalinmu, gudu ne ninki sama da 450.

Nawa ne ruwan da zai ba da wannan gudu? Ya danganta da faɗin bututu, kuma ba ninki ɗaya yake hawa ba. Mai milimita 100 yana bukatar lita 700 a minti. Mai 150, kusan lita 1,600. Mai 200, sama da 2,800. Mai 300 kuwa sai lita 6,400, abin da famfo ɗaya ba kasafai yake iya fitarwa ba, sai an buɗe biyu ko uku tare. Daga nan zuwa sama buɗe famfo ya daina aiki a matsayin goge bututu, sai dai sabunta ruwa.

Tsawon lokacin ma da lissafinsa. Abin da aka saba shi ne a sauya ruwan cikin gaɓar kamar sau uku. A layin nan mai lita 5,300, da lita 1,600 a minti, sauyi ɗaya minti uku da 'yan sakanni ne, uku kuma minti goma, ruwan da zai tafi kusan lita 16,000. Amma ba agogo ke yanke hukunci ba. Ma'aikaci yana tara ruwan a farin bokiti ko kwalba yana dubawa, yana kuma auna dagulewarsa da na'ura. Ido ba ya fara ganin dagulewa sai ta kai wajen maki 4 a ma'aunin da ake kira NTU, alhali abin da ake nema ƙasa da 1 ne, don haka ruwan da ya yi wa ido garau yana iya kasancewa da saura. Sai a auna kulorin a ga ya yi daidai da na mashiga. A rubuta lokacin da aka ɗauka kafin ruwa ya washe. Wannan rubutun yana da amfani fiye da yadda ake ɗauka: layin da bara ya washe a minti biyar bana ya ci ashirin, akwai abin da ya sauya a cikinsa, kuma layin da kullum ke washewa nan take ba shi da bukatar a riƙa wanke shi duk shekara.

Aikin nan yana da wuraren da in aka yi sake, garin neman gira a rasa ido. Babba daga ciki shi ne saurin rufewa. Ruwa yana da nauyi, ba ya kuma matsuwa. Tan biyar na ruwa da ke gudu a bututu in aka datse masa hanya farat ɗaya, sai ƙarfin ya koma bugu, ya bi bututun da baya da saurin da ya kai mita 1,000 a sakan ko fiye a bututun ƙarfe. Masanin nan ɗan Rasha, Nikolai Zhukovsky, ya auna wannan a bututan birnin Mosko ya fitar da lissafinsa a 1898: duk mita ɗaya a sakan da aka tsayar nan take tana ƙara matsin da ya kai kamar bar 10, kowane bar kuwa daidai yake da nauyin ruwa mai tsayin mita 10. Tsayar da gudun mita 1.5 ke nan yana iya ɗora bar 15 a kan bututun da ya saba da 3 zuwa 5. Tsohon bututu tsagewa yake yi, mahaɗa ta zame, wani lokaci can nesa da wurin da aka yi kuskuren. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci yana murɗa sufana kamar ba ya so, musamman a zagayen ƙarshe-ƙarshe.

Kishiyar wannan ita ce faɗuwar matsi. Yayin da famfo ke zuba, ana ɗaura agogon awo a wani famfo na kusa, kuma dokar da aka fi bi ita ce kada allura ta sauka ƙasa da bar 1.4, wanda a ma'aunin Amurka psi 20 ne. Ba don kada ruwa ya ɗauke wa masu bene kawai ba. Kowane layin ruwa yana da 'yan yoyo a mahaɗai, kuma matsin ciki ne ke sa yoyon fita yake yi ba shiga ba. In matsi ya faɗi a tudun unguwa har bututu ya fara zuƙa, ruwan ƙasa da ke kewaye da shi, wanda ba mamaki yana kusa da bututun ba-haya, sai ya shigo ta ƙofar da tsabtataccen ke fita. Haka tiyon da wani ya bari nutse a cikin baho ko tankin maganin feshi zai zuƙe abin da ke ciki ya mayar layin gari. A wuraren da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, wannan zuƙa kusan kullum take faruwa, ga kuma ƙarancin matsin da za a yi wankin da shi. A irin wannan hali gyaran yoyo da tsayar da matsi sun riga buɗe famfo muhimmanci.

Akwai kuma kuskuren da ya shafi ƙirar famfon. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, gangar famfon da ke sama a bushe take zama. Ainihin bawul ɗin yana can ƙasa inda sanyi ba ya kaiwa, doguwar sanda ce ta haɗa shi da notin da ke kai, wanda a Amurka galibi kusurwa biyar gare shi don kada sufanar gida ta kama. A gindin akwai 'yan ramuka da ke buɗewa in an rufe famfo, don ruwan gangar ya tsiyaye cikin tsakuwa, su kuma toshe in an buɗe shi gaba ɗaya. Wanda ya buɗe shi rabi-rabi don ya rage gudu, ya bar ramukan nan a buɗe ruwa na fesowa da ƙarfi a ƙarƙashin ƙasa yana zaizaye gindin famfon. Irin wannan famfo ko a buɗe shi duka ko a rufe duka. Mai son rage gudu sai ya ɗaura wani bawul a bakinsa. Bayan an rufe, gogaggen ma'aikaci yakan dafa tafin hannu a bakin, in ya ji yana ɗan zuƙa, ruwa na tsiyayewa yadda ya kamata.

Ruwan da ke fita shi ma ba a sake shi sakaka. Ana ɗaura wani kwandon ƙarfe a bakin famfo don ya karya ƙarfinsa, kada ya yaye kwalta ko ya ture mai babur. In kuma magudanar tana kaiwa rafi, sai an kashe kulorin ɗin tukuna, domin abin da mutum ke sha lafiya guba ne ga kifi. Ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka ga halittun ruwa miligiram 0.019 ne a lita na ɗan lokaci, ruwan famfo kuwa ya ninka wannan sau goma zuwa ɗari. Ana sa ƙwayoyin sinadarin sodiyam salfait ko na bitamin C a cikin kwandon, ruwa na wucewa yana lasar su.

Kuskuren da ya fi daɗewa ba a gano ba shi ne bawul ɗin da aka manta a rufe. Babu ƙara babu yoyo, kowa yana samun ruwa ta wani ɓangaren, amma an ƙirƙiri sababbin lunguna biyu marasa ɓullewa, an kuma rage ruwan da 'yan kwana-kwana za su samu. Maganinsa ƙirge. Bawul na bututun milimita 150 yana ɗaukar zagaye kusan 20 daga rufe zuwa buɗe. A rubuta nawa aka murɗa wajen rufewa, a mayar da adadin wajen buɗewa, a kuma bi takarda bawul bayan bawul kafin a tashi aiki. Wanda ya tsaya a zagaye 12 ya ƙi gaba, ko tsatsa ta cika cikinsa ko sandarsa ta lanƙwashe, sai a sa shi a jerin gyara.

Wannan ya kawo mu ga ribar ƙafa da aikin ke da ita. Famfon gobara na'ura ce da ke zaune shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, kuma ranar da za a neme ta babu lokacin gyara. Buɗe shi sau ɗaya a shekara ne ke tona murfin da ya ciza, zaren da ya ci, robar da ta tsage, notin da ya sulɓe, ko bawul ɗin gindinsa da wani ɗan kwangila ya rufe ya tafi. Gwajin yawan ruwa kuma, wanda NFPA ke ba da shawarar a yi duk shekara biyar, famfo biyu yake bukata. A na farko a karanta matsi kafin a buɗe komai, a sake karantawa yayin da na biyu ke zuba. A bakin na biyun a tsoma wata siririyar na'ura a tsakiyar ruwan da ke fesowa a karanta ƙarfinsa. Baki mai milimita 63.5, wato inci biyu da rabi, mai sumul ɗin ciki, in na'urar ta nuna bar 1, yana fitar da kimanin lita 2,400 a minti. Daga waɗannan alƙaluma uku ake lissafa abin da layin zai iya bayarwa kafin matsi ya sauka zuwa bar 1.4, sai a shafa wa kan famfon fenti: shuɗi mai haske ga mai lita 5,700 zuwa sama, kore daga 3,800, ruwan lemo daga 1,900, ja ga wanda bai kai haka ba. Direban motar kashe gobara tun daga nesa ya san wanda zai nufa. A Birtaniya famfunan a ƙarƙashin ƙasa suke, ƙaramin allo mai ruwan ɗorawa da harafin H ke nuna su, lambar sama faɗin bututu, ta ƙasa nisan famfon daga allon.

Mai gida nasa kaɗan ne. Yayin da ake aiki a layinsa, gara ya bar famfunansa a rufe, don duk buɗewa jawo lakar yake yi zuwa cikin bututan gidansa. Bayan an gama, ya buɗe na ruwan sanyi mafi kusa da mita, wanda ba shi da 'yar rariya a baki, ya bar shi 'yan mintoci. In bai washe ba ya rufe, ya jira kamar awa guda ya sake gwadawa. Kada ya fara da na ruwan zafi, domin laka in ta shiga tankin hita kwanciya take yi ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har kwanaki. Wankin fararen kaya a dakata da shi, in kuma an riga an yi sun yi ja, kada a sa bilic, ƙara kama tsatsar yake yi. A bar su a jiƙe a nemi maganin cire tsatsa. Ruwan da ya fito fari kamar madara iska ce kawai: a zuba a kofin gilashi, in ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, babu komai.

Duk da wannan, bai kamata a ɗora wa buɗe famfo abin da ba zai iya ba. Ƙulle-ƙullen tsatsa masu tauri ba sa motsi don gudun mita 1.5, sai an tura soso ko abin kankara ta cikin bututun, ko a shafe shi da siminti, ko a sauya shi. Akwai ma dabarar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Biristol ta Ingila, inda ake tura markaɗaɗɗiyar ƙanƙara ta famfo ɗaya a fitar da ita ta wani, tana gogar bango ba ta kuma maƙalewa tunda narkewa take yi. Haka in matsalar daga sinadaran ruwan take, wanki ba ya magani. Birnin Filint na jihar Mishigan a Amurka ya koma ɗibar ruwan kogi a watan Afrilun 2014 ba tare da zuba sinadarin hana cin bututu ba. Ruwa ya yi ja, aka yi ta buɗe famfuna a tituna, amma sabon ruwan da ke maye gurbin tsohon shi ne dai ke cin ƙarfe da dalmar bututai.

Ƙasar Holan kuwa tushen ta koma. Tun daga 1999 kamfanonin ruwanta suka fara shimfiɗa sababbin unguwanni da ƙananan bututai masu rassa, suna ƙanƙancewa zuwa ƙarshe, an zana su yadda gudu zai kai kamar mita 0.4 a sakan a lokacin da kowa ya buɗe famfo, don bututu ya riƙa share kansa kullum kafin laka ta samu wurin zama. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne sun zauna da hukumomin kashe gobara aka rage yawan ruwan da ake bukata daga famfon cikin unguwannin zama. Garin da bututansa suka shekara hamsin ko ɗari a ƙasa ba shi da wannan zaɓi sai a hankali, layi bayan layi, yayin da tsoffin ke mutuwa. Kafin nan, abin da ke hannunsa shi ne ya haɗe lungunan da za su haɗu, ya kafa 'yan na'urori masu agogo a ƙarshen waɗanda ba za su haɗu ba su riƙa sakin ruwa kaɗan cikin dare, sauran layukan kuma ya bi su da sufana da farin bokiti.